Amsar Tambaya: Ta ina zan fara neman asalin kakana?

Tambaya: An haife ni a Kaduna. An ce kakana daga wani ƙauye na dajin Birnin Gwari ya fito, sunansa kawai muke da shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, suna kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, masu sunan kakanka sun fi a ƙirga. Fara da tsofaffin gida, musamman gwaggonni, don mata sun fi riƙe wa ya auri wa. Tambaye su laƙabinsa, sana'arsa, da irin tsagar da ke fuskarsa, guda nawa ce kuma a wane kunci. A ƙasar da Hausawa, Gwari, Kamuku da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, tsaga takan faɗi abin da baki ya ɓoye. Ɗauki maganarsu a waya, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

In sunan ƙauyen ya fito, nemi dagacinsa, ko a yankin Kuyello yake, Randagi ko Dogon Dawa, sannan fadar Sarkin Birnin Gwari. Kada ka kutsa daji. Rikicin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka da dama, wasu dattawansu sun koma cikin gari.

Daga nan sai Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House da aka kafa a 1970. Nemi rahotannin haraji na zamanin Turawa da kundin alƙali na rabon gado. Sai dai takardun nan sun fi ambaton masu sarauta, ka tafi da haƙuri, kuma ka gwada sunan da rubutu iri-iri, don Bature yadda ya ji yake rubutawa.