DARASI: KASKAR SHANU, KAREN GADI DA MAI SHI

 Darasinmu na wannan fitowa a kan kaska ne, wadda Bahaushe ya yi wa kirari da raɓi mai jini. Mun saba ɗaukar ta abin rage wa saniya ƙiba kawai, alhali akwai wadda ke kai mutum kushewa.

Sunan ciwon Zazzaɓin Kirimiya-Kwango. An fara gane shi a yankin Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayarsa a Kwango a 1956. Kaskar da ta fi yaɗa shi ita ce mai dogon baki da ƙafafu masu zobe-zobe, likitoci na ce mata Hayaloma. Ta fi son ƙasa mai fari, wato can inda shanunmu ke fitowa kafin su biyo hanyar Kamaru zuwa Gabon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 kan rasu. A 2003 ya ɓarke a Nuwakshot ta Muritaniya, a 2023 kuma ya kashe wani mahauci a yankin Dakar.

Ga inda gizo ke saƙa. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alamar komai. Sa zai ci, ya sha, ya yi tuƙa, alhali ƙwayar na yawo a jininsa kamar mako guda. Idon dillali duk ƙwarewarsa ba ya ganin wannan. Shi kuwa karen gadi yana kwana cikin garke, yana lasar jini a mayanka, da yamma ya biyo yaro gida, kaskar da ya kwaso ta faɗo inda iyali ke shimfiɗa tabarma.

To me za mu yi?

1. A riƙa duba kare bayan kowace tafiya: kunnuwa, wuya, hammata da tsakanin yatsu.
2. Kada a tsinke kaska da hannu, kada a murtsuke ta da farce. A kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali, a jefa cikin kananzir.
3. In za a yi wa shanu feshi, a tambayi likitan dabbobi maganin da ya dace da kare da awonsa. Awon sa na iya kashe kare. Baƙin mai kuma ba magani ba ne.
4. A nisanta kare da wurin yanka da fiɗa. Mai fiɗa ya sa safar hannu, musamman lokacin Layya.
5. A ware wa kare makwanci nesa da ɗakin yara.

Bayan cizo, ciwon kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3, wani lokaci har 9. Yakan zo farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da jiki, jan ido, amai, daga baya haɓo ko jini a dasashi. Kada a ce na sauro ne a tsaya kemis. Kada a sha asfirin, yana ƙara zubar jini. A garzaya asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa sana'ar dabbobi kake yi, kuma kaska ta cije ka. Mai jinya ya kiyayi taɓa jinin majinyaci, don ta nan ma ana ɗauka.

Wanda ya karanta ya karanta wa yaransa masu rakiyar mota da masu kwana a zango, su ne suka fi mu kusa da kaskar. Allah ya kare mu da dukiyarmu, ya kai mu gida lafiya, amin.