Motsin da Ido Ba Ya Gani

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, amma ba kowa ne ya san dalili ba. A wannan ɗan rubutu ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da muka koya a darasin kimiyya game da wannan al'amari, domin akwai amfani a cikinsa, akwai kuma gargaɗi.

Da farko dai, ruwa da iska duk taron wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani, kuma ba su taɓa tsayawa cik. A cikin ruwa suna kusa da juna, suna ta gogayya kamar mutane ran kasuwa. A cikin iska kuwa sun yi nisa da juna, kowace tana gudun wajen mita 500 a daƙiƙa ɗaya, sai dai ba ta yin nisa take karo da 'yar'uwarta. Abin da muke kira zafi yana nuna ƙarfin wannan motsi ne. In abu ya ƙara zafi, ƙwayoyinsa sun ƙara sauri ke nan.

A ajinmu mun gwada. Mun ɗiga tawada a kofi biyu, ɗaya da ruwan zafi, ɗaya da na sanyi. Kafin ta kofin sanyi ta kai rabi, ta kofin zafi ta game ruwan duka.

A shekarar 1827 wani masanin tsire-tsire mai suna Robert Brown ya duba ƙurar fure cikin ruwa da madubin ƙara girma, ya ga tana ta rawa ba fasawa. Sai a 1905 Albert Einstein ya nuna ta hanyar lissafi cewa ƙwayoyin ruwa ne ke bugunta ta kowace fuska.

To, mu koma ga randa. Jikinta yana da 'yan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu. Ƙwayoyin da suka fi sauri su ne ke kuɓucewa su shiga iska, su bar masu sanyin jiki a baya. Da haka ruwan ke hucewa. Shi ya sa randa ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, ta kuma rage aiki da damina. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, ana zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don kada kayan miya su lalace da wuri. Ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Yanzu ga gargaɗin. Ƙwayoyin fetur sun fi na ruwa saurin tashi, balle a watan Afrilu da rana ke ƙuna. Tururinsa ya fi iska nauyi, don haka bin ƙasa yake yi. In an bar galan a buɗe a ɗaki, ashana ko fitilar ƙwai da ke can gefe tana iya tayar da gobara ba tare da ta taɓa galan ɗin ba. Haka kuma gwangwanin maganin sauro: in an jefa shi wuta, ƙwayoyin iskar da ke ciki za su yi ta dukan jikinsa da ƙarfi har ya fashe.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su riƙa ajiye fetur a rufe, a inuwa, nesa da madafa da ɗakin kwana. Mu kuma in mun je hutu mu ja kunnen ƙannenmu game da wasa da gwangwani a bakin murhu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu, amin.