'Yata, Kafin Ki Sake Aika Yaro Kemis

'Yata, matso kusa, maganar ta mata ce. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wanda muke haɗawa da sauran larurori mu ce "sanyi", ba alamar ƙazanta ba ne. Kusan mata uku cikin huɗu sai sun gamu da shi ko da sau ɗaya a rayuwa. Abin da ke jawo shi wata ƙwayar halitta ce dangin yis, Kandida, da ke zaune a jikinmu lami lafiya, sai ta samu sarari ta yi yawa ta fara damun mutum.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da maganinta. Da an ji ƙaiƙayi sai a sayo fulukonazol, kafso ɗaya mai miligiram 150. Sau da yawa yana yi, shi ya sa muka saba. Wata ya zagayo abin ya dawo, a sake sayowa, har a wayi gari an sha amma shiru kake ji.

Maganin nan aikinsa hana ƙwayar haɗa sinadarin da take gina fatarta da shi. In ana ba ta shi a kai a kai, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Wasunsu har turo maganin waje suke yi kafin ya kama su. Kuma Kandida ba iri ɗaya ba ce. Albikans, wadda ta fi yawa, galibi tana jin magani har yanzu. Glabrata ba ta cika jin sa ba, krusei kuwa tun asali fulukonazol ba ya yi mata komai. Mai kemis ba zai iya rabe su da jin bayaninki ba, likita ma sai da gwaji. Balle ma ba kowane sanyi ne Kandida ba: wanda ke zuwa da ƙarni yawanci na bakteriya ne, maganinsa daban.

Don haka in kin sha bai tafi ba, ko ya dawo sau uku ko huɗu cikin shekara, ki daure ki je asibiti. A ɗebi ruwan da auduga a kai ɗakin gwaji, a san wace iri ce da abin da take ji. Na san kunya ce ke hana mu, amma ai akwai ma'aikata mata, ki nemi su duba ki. Ki roƙa a auna miki suga, don ciwon suga da ba a gano ba yakan sa abin ya yi ta dawowa. Ki bar shan maganin kashe bakteriya barkatai, yana kashe masu amfanin da ke tsare miki jiki; haka matsi da wanke cikin gaba da sabulu. In kina da juna biyu kuwa, kada ki sha kafson nan. Akwai na sakawa, kulotirimazol, da ake bayarwa na kwana 7.

Lamarin ya wuce ni da ke. A 2009 aka gano Kandida auris a kunnen wata majinyaciya a Japan, yau ta bazu a asibitocin nahiyoyi da dama, tana shiga jini, mafi yawanta ba ta jin fulukonazol. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin irin waɗannan ƙwayoyi 19 masu barazana, ta sa auris da albikans a sahun gaba. Magungunan da ake da su na cikin jini manyan iri uku ne kacal, wasunsu allurai ne masu tsada da talaka ba ya iya saye.

Ranar da za ki je, ki tafi da kwalayen duk abin da kika sha ko kika saka, har na gargajiya, ki gaya wa likita sau nawa da kuma yaushe. Da wannan zai san inda zai fara. Allah Ya ba ki lafiya.