Amsar Tambaya: Me Ake Nema Bayan Takardar Shaida?

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Jahun a Bauchi, wanda ya kammala Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sakamako mai kyau, yana son sanin dalilin da ya sa ake kiransa ganawar ɗaukar aiki amma ba a ɗaukarsa.

Amsa: Masu ganawar sun riga sun ga takardun mai nema kafin su gayyace shi, saboda haka abin da suke aunawa a zauren shi ne ƙwarewar mu'amala, wato iya sauraro, bayyana tunani a taƙaice, kiyaye lokaci da karɓar gyara ba tare da ɓacin rai ba. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 domin ɗalibai su zauna a ma'aikatu kafin kammala karatu, dama ce ta koyon waɗannan halaye, kodayake wasu ɗalibai, abin takaici, sa hannun shugaba a littafin rahoton aikinsu kawai suke nema. 'Yan kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi sun daɗe da sanin muhimmancin waɗannan halaye, domin maigida ba ya damƙa wa yaron shago makulli sai ya gwada amanarsa, ya kuma ga yadda yake tarbar mai saye mai yawan ƙorafi.

Ya kamata mai tambaya ya binciki aikin ma'aikatar tun kafin ranar ganawa, ya isa da wuri, ya bari a gama tambaya kafin ya amsa, sannan ya nemi wani tsohon ma'aikaci ya riƙa gwada shi yana nuna masa kurakuransa.