Yadda ake zaɓen layin eSIM kafin tafiya fatauci ƙasar Sin

Abu na farko da matafiyi ke yi idan ya sauka a filin jirgin Baiyun da ke Guangzhou shi ne ciro waya ya sanar da gida ya iso lafiya. A nan ne sabon zuwa kan sha mamaki. Ya samu intanet ɗin filin jirgin, alamar ta cika, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Facebook ba ya buɗuwa, Gmail ma haka. Wayar lafiyarta ƙalau. Hukumomin Sin ne suka toshe waɗannan manhajoji a duk intanet ɗin cikin gida, na otal ne ko na layin da ka saya a shago.

Ga ɗan kasuwar da cinikinsa kacokan ke kan WhatsApp, wanda zai ɗauki hoton yadi a Keqiao ya tura wa abokin ciniki a Kantin Kwari ya jira amsa kafin ya biya, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Shi ya sa nake ganin zaɓen data na wannan tafiya ya cancanci natsuwa irin wadda ake ba biza da tikiti, kuma a gama shi tun ana gida.

Shi eSIM layi ne da ba ya da kati. An riga an dasa ƙwayarsa a cikin wayar tun daga masana'anta, kai dai bayanan layin za ka sauke ta intanet. Layukan tafiya da kamfanoni irin su Airalo, Holafly, Nomad da Trip.com ke sayarwa baƙi ne a Sin, aron turakun kamfanonin ƙasar suke yi, amma datar kanta takan fita ta wani wurin daban, galibi Hong Kong ko Singafo. Tunda ba ta ƙofar cikin gida ta bi ba, shingen ba ya tare ta. Wannan ita ce babbar fa'idarsu.

Ka fara da wayarka, domin idan ba ta ɗauka zance ya ƙare. Danna *#06#. Idan ka ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 32 da aka rubuta EID a gefenta, wayar tana ɗaukar eSIM. iPhone ta fara zuwa da shi a 2018, daga XS da XR, kuma waɗanda aka sayar a Amurka daga iPhone 14 ba su da ramin kati ma sam. Sai dai yawancin iPhone da aka yi domin kasuwar Sin da ta Hong Kong kati biyu suke ɗauka, babu eSIM, kuma irinsu sun cika kasuwannin waya na hannu a wurinmu. Manyan Samsung daga S20 da wayoyin Pixel yawancinsu suna da shi. Mafi yawan Tecno, Infinix da itel ba su da shi. Sai kuma a duba kulle. Wayar da aka shigo da ita ta hannu daga Amurka ko Ingila tana iya zama a ɗaure da kamfanin da ya fara sayar da ita, ba za ta karɓi baƙon layi ba. A iPhone ana ganin wannan a cikin saituna, shafin bayanan waya, inda aka rubuta Carrier Lock.

Wayar ta tsallake, sai ka zauna da takarda ka rubuta garuruwan da za ka taka. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yin asara. Faɗin Sin ya kai murabba'in kilomita kusan miliyan 9.6, wato Najeriya goma ke nan. Mai zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi a Pazhou sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, yana iya gama harkarsa bai bar Guangzhou ba, kuma kusan kowane layi zai wadace shi. Amma fatake da yawa ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Tayil da kujeru suna Foshan, kayan waya suna Huaqiangbei a Shenzhen, ƙananan kayan masarufi suna Yiwu, yadi yana Keqiao, babura suna Chongqing. Daga Guangzhou zuwa Yiwu kaɗai ya haura kilomita dubu, awanni ne masu yawa ko a jirgin ƙasa mai gudu, ta cikin tsaunuka da ramukan da aka fafe a duwatsu. Masana'antun kuma ba a tsakiyar birni suke ba, sai an fita ƙauyukan bayan gari.

Saboda haka tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce, turakun wane kamfani layin yake hawa? Manyan kamfanonin uku ne: China Mobile, China Unicom da China Telecom. China Mobile ne mafi girma, shi ya fi ratsa karkara. Unicom kuwa zangon da yake aiki da shi ya fi dacewa da wayoyin da aka ƙera domin kasuwannin waje, musamman tsofaffi. Mai sayar da eSIM na kirki yakan rubuta sunan kamfanin a shafin bayanin tsarin. Idan ka samu wanda ke hawa biyu, ɗauke shi ko da ya ɗan ɗara tsada, domin in ɗaya ya ɗauke a hanya kana iya komawa ɗayan da hannunka. Wanda bai faɗi ko ɗaya ba, ni ba na saya.

Ka kuma lura cewa a harkar waya Hong Kong da Macau daban suke da babban yankin Sin. Idan jirginka ta Hong Kong zai sauka, ko kana da niyyar tsallakawa daga Shenzhen, nemi tsarin da ya ambaci sunayensu ƙarara.

Ƙofar da datar ke fita ma tana da tasiri. Layin da ke zagayawa ta Turai kafin ya dawo yakan sa kira ya riƙa jinkiri, ka yi magana sai an ɗan jima a ji ka. Na Hong Kong ya fi kusa, ya fi sauri, amma TikTok ya janye daga Hong Kong tun 2020, don haka sau da yawa ba ya buɗuwa a kan irin wannan layi. Mai tallan haja a TikTok ya nemi wanda ke fita ta Singafo.

Yanzu sai lissafin giga. Kada ka yi kintace, shiga saitunan wayarka ka ga nawa ka ci a watan jiya, sannan ka ƙara, domin a Sin ba za ka jingina da intanet ɗin otal ba kamar yadda ka saba a wasu ƙasashe. Rubutu da saƙon murya ba sa cin komai. Kiran bidiyo ne ke lashe data, kuma shi ne sana'ar: ka zagaya shago da kyamara kana nuna wa mai kaya launi da girma. Ƙari a kan haka, komai a can da waya ake yi. Alipay ko WeChat za ka buɗe ka biya kuɗin shayi, Didi za ka kira mota, manhajar fassara ce tafintanka, Amap ne zai nuna maka hanya tunda taswirar Google ba ta faɗa daidai a ƙasar. Data ta ƙare maka a tsakiyar kasuwar Futian ta Yiwu, mai shaguna dubbai, ko kuɗin mota ba za ka iya biya cikin sauƙi ba.

Tsare-tsaren iri biyu ne. Akwai mai ƙayyadadden giga na kwanaki kaza, akwai wanda ake cewa ba iyaka. Na biyun sai an karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Da yawansu suna ba ka wani kaso a kullum da cikakken gudu, in ka cinye su rage shi ya koma tafiyar hawainiya har gobe. Wasu kuma sun taƙaita raba data da wata na'ura, abin da zai dami mai tafiya da kwamfuta ko mai raba wa abokin tafiya. Na taɓa faɗawa wannan a wata tafiya, la'asar tana yi gudun ya mutu, daidai lokacin da ake buɗe shaguna a Kano, tunda agogon Sin ya riga namu da awa bakwai. Tun daga ranar nake fifita mai ƙayyadadden giga wanda ake iya ƙara masa daga cikin manhaja. Duba kuma yaushe kwanakin ke fara ƙirguwa, ranar da ka sa layin ko ranar da ya fara kama sabis a can. Kuma ka ƙara kwana biyu ko uku a kan na tikitinka, kaya ba kasafai suke haɗuwa ranar da aka ce ba.

Akwai abin da wannan layi ba zai ba ka ba: lambar waya. Yawancinsu data ce zalla. Don haka kada ka cire layinka na gida. Je ofishin kamfanin layinka kafin tafiya ka tabbatar zai kama a waje, domin ta nan lambobin sirri na banki za su riƙa shigowa. Ka buɗe Alipay da WeChat tun a gida da wannan lambar, ka ɗora fasfo, ka haɗa katin da ke biyan kuɗin waje. Wanda zai yi wata da watanni, ko yake buƙatar direbobi da masu kai kaya su riƙa kiransa, ya ƙara da layin ƙasar, ana yankarsa a shagon kamfani da fasfo. Sai ya bar shi na kira, eSIM na data.

Sawar ba ta da wuya. Bayan ka biya, da katin da ke ɗaukar dala, za a turo maka hoton lambar QR ta imel ko a cikin manhaja. Kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, a wurin da intanet ke da ƙarfi, ka shiga saitunan layuka, ka zaɓi ƙara eSIM, ka haska hoton daga wata wayar. Sa masa suna, ka bar shi a kashe. Kada ka goge shi don gwaji, galibi sau ɗaya ake iya sa shi. Ɗauki hoton umarnin da suka turo, musamman in akwai sunan APN da za a rubuta da hannu, ka adana a cikin wayar, tunda Gmail ba zai buɗu ba in layin bai tashi ba.

Jirgi na sauka, kunna eSIM ɗin, mayar da shi layin data, ka kunna masa Data Roaming. Na gida kuwa ka kashe masa wannan maɓallin, ka kuma hana wayar sauya layin data da kanta, in ba haka ba kuɗin da ke cikinsa zai zube ba ka sani ba. Ba shi minti biyu zuwa biyar. In bai kama ba, kashe wayar ka kunna, sannan ka zaɓi kamfanin da hannu daga jerin da zai fito. Tura saƙon gida kana layin shige da fice, ka ga ya shiga, kafin ka fita neman mota zuwa unguwar Xiaobei da ke cikin Guangzhou.