Kafin Yaro Ya Fara Lissafi a Takarda

Iyaye, kada haddar ƙirga ta ruɗe mu. Yaro ɗan aji ɗaya zai iya rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, amma a ce ya kawo cokula bakwai sai ya kwaso biyar ko tara. Irin wannan yaron, idan aka kai ga tarawa da ɗebewa, sai ya riƙa kame-kame, a ɗauka ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali harsashin ne babu.

Ku ba shi abin taɓawa: wake, tsakuwa ko murafun kwalba. Ya ɗora yatsa a kan kowane ɗaya yana faɗin lambarsa, sannan ku tambaye shi, “Nawa ne duka?” Ku baza su, ku sake tambaya. Yara da yawa za su ce sun ƙaru. Kada ku tsawata, ku bar shi ya sake ƙirgawa ya gano da kansa.

Daga nan sai tsinken tsintsiya. Ku ɗaure goma-goma da zare, ya ga cewa 23 ɗauri biyu ne da tsinke uku, 32 kuwa ɗauri uku da tsinke biyu. Nan ne yara suka fi rikicewa, don haka kada a yi gaggawa.

Minti goma bayan la'asar ya isa. Bulala kuwa a ajiye ta, domin yaron da ya tsorata cinka kawai yake yi.