Darasin Lafiya: Gero Shi Kaɗai Ba Ya Gina Yaro

Darasinmu na yau a kan wani ma'aikacin lafiya ne wanda ba ya yin allura, ba ya yin tiyata. Aikinsa shi ne lura da abin da ke shiga tukunya, da abin da ke shiga bakin yaro. Ana kiransa masanin abinci.

Damargu ƙasar gero ce da dabbobi. Daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Belbeji, muna noma, muna kiwo. Amma kowace shekara, idan damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, sai mu ga yara masu tamowa a gidan likita. Har a gidan da hatsi bai ƙare ba ana samun su. Me ya kawo haka? Amsar masanin abinci ita ce: cika ciki daban, gina jiki daban.

Abinci iri uku

Masanin abinci yana koya mana cewa abinci iri uku ne.

1. Mai ba da ƙarfi: gero, dawa, mai da man shanu.
2. Mai gina jiki: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, nama da fara.
3. Mai kare jiki daga cuta: zogale, kuka, tafasa, yakuwa, ganyen jiga, kabewa, magarya da aduwa.

Murhu ba ya ɗaukar tukunya sai da duwatsu uku. Haka jikin yaro yake. Idan kullum kunun gero tsararo yake sha, cikinsa zai cika, amma ba zai girma ba. Zai rame, ya yi ta ciwo. Rashin ganye da nono yakan jawo dundumi. Rashin gishiri mai ayodin yakan jawo maƙoƙo.

Abin da ya faru a 2005

A 2004 ruwa bai wadata ba, fara kuma ta cinye gonaki. A 2005 yunwa ta auka wa Nijar. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu. Yawancinsu a gida suka warke, da wani lallausan abinci mai suna Plumpy'Nut. Ana yin sa da gyaɗa, madara, mai, sukari da bitamin. Wani likita masanin abinci, André Briend, da abokin aikinsa Michel Lescanne ne suka haɗa shi a Faransa a 1996.

To, a kula. Wannan ƙunshi magani ne na yaron da aka rubuta wa shi. Idan an raba wa yayyensa, ko an kai kasuwa an sayar, mai ciwon ne aka cuta. Kuma rigakafi ya fi magani. Babban aikin masanin abinci shi ne kada yaro ya kai ga buƙatar ƙunshin.

Yadda za a ciyar da yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba jiƙo, ko da zafin bazara ne. Nonon yana da ruwan da ya ishi jariri. Kada a zubar da dakashi, shi ne garkuwar farko.

Daga wata 6 sai a fara kunu, a ci gaba da ba da nono har shekara 2. A haɗa kunun kamar haka: ludayi 3 na garin gero, ludayi 1 na garin soyayyen wake ko na ƙuli-ƙuli, da cokali 1 na mai. A dafa ya yi kauri, yadda ba zai tsiyaye daga cokali ba. A ƙara garin zogale ko na kuka idan akwai.

Daga wata 6 zuwa 8, a ba shi sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4. A zuba masa a ƙwaryarsa, domin a akushin taro manya sun fi shi hannu. A wanke hannu da sabulu, domin zawo abokin tamowa ne.

Uwa ce idon masanin abinci

Masanan abinci ba su da yawa, ƙasarmu kuwa tana da faɗi. Ba za su kai kowace ruga da kowane ƙauye ba. Saboda haka suke koyar da ma'aikatan likita da iyaye mata awon damtse. A 2013 da 2014, a Dogo ta yankin Miriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye wannan awo. An gano cewa awon uwaye bai kasa na masu sa-kai na lafiya ba.

Ana yin awon da ɗan tsiri mai launi uku, ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. A naɗa shi a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kore, lafiya lau. Rawaya, tamowa ta fara, a je likita. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi yau, kada a jira ranar kasuwa. Sa'an nan a danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, a ƙirga uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce. Shi ma a gaggauta. Yaron da ya ƙi cin abinci, ko yake da wani ciwo mai tsanani, ana kwantar da shi a sashen da ake kira CRENI.

Kira ga magidanta

Malam, wannan darasi ba na mata kaɗai ba ne. Da kaka mukan kwashe wake mu sayar da araha, da bazara mu rasa na kunun yara. Mukan kai nono da ƙwai kasuwa, yaro yana kallo. Kafin ka ɗaure buhu, ware tiyoyin wake da na gyaɗa domin yara da mai ciki da mai shayarwa. A shanya ganye a inuwa tun damina, a adana. Idan uwargida ta ce tsiri ya nuna ja, ba ta izini da kuɗin mota nan take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a nan zaman ne muguwar rawar.

Tambayoyi

1. Rubuta abinci iri uku, da misali biyu na kowanne.
2. Me ake haɗawa a kunun yaro ɗan wata 7?
3. Me za a yi idan tsiri ya nuna ja?

A karanta wannan darasi ga wanda bai iya karatu ba tukuna. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.